Saniya Mai Kunne Ɗaya

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Kuna cewa tsohon nan ko gishiri ya aiki mutum saye sai ya nemi takarda, in an ba shi takardar kuma sai ya juya bayanta, ya ɗaga ta ga hasken rana. Ban musa ba. Amma kada ku ɗora laifin a kan shekarun da na yi ina aikin kwantabul, ina riƙe da littafin shiga da fitar kuɗin jama'a, domin da halina na shiga aikin. Akwai kuma wata magana da ta fi wannan ciwo, wadda na tabbata tsofaffin matan garinmu sun raɗa muku, wai ni na kori wana Issuhu daga gidan ubanmu saboda saniya ɗaya. To ku ji yadda aka yi daga bakina, tunda cikin waɗanda suka ga abin da idonsu ni kaɗai na rage.

Garinmu yana gindin dutse a ƙasar Adar, tsakanin Buza da Garhanga. Mu manoma ne, gero da dawa, amma duk gidan da ya ɗan samu sukuni yana da 'yan shanunsa, kuma ba mu muke kiwonsu ba. Namu suna hannun wani Bafillace mai suna Yero, wanda ya gaji amanar daga ubansa kamar yadda Baba ya gaji shanun daga nasa. Da ruwan fari ya sauka Yero zai kora su arewa don kada su shiga shuka, ba ma sake ganinsu sai kaka, in an kwashe amfani, su dawo su ci kara su zuba mana taki. Shanun namu ne, nonon nasa ne, da shi yake ci da iyalinsa. Ba mu kaɗai ba, gidaje da dama a garin nasu suna hannunsa, kuma duk ganin Baba ya amince da shi ne ya sa suka ba shi.

Ba mai rubutu a cikinsu, daga Baba har Yero, amma kada ku ɗauka haka nan ake tafiya a duhu. A ɗakin Baba akwai wata 'yar ƙwarya da ake rufewa da faifai, cikinta tsakuwa ce, fara saniya, baƙa sa. Shi kuma Yero yana da 'yar zabirar fata. Duk dabbar da ta mutu a daji sai ya yanke kunnenta na hagu, inda shaidar gidanmu take, tsaga biyu a baki, ya shafe shi da toka ya busar ya jefa a zabira. In sun dawo da kaka sai a sa rana, a shimfiɗa tabarma a zaure, Baba ya fito da ƙwarya. Yero zai fara daga tsohuwar saniya ya gangaro, wance ta haifi mace, 'yar wance ta yi ɓari, wane an dandaƙe shi. Kowace haihuwa Baba ya jefa tsakuwa. Sannan a zazzage zabira, kowane kunne Baba ya ɗauka ya duba tsagar, ya fitar da tsakuwa ɗaya ya wurgar. Babu mai faɗin jimla. Baba ya ce faɗin adadi yana jawo baki, ni kuma tun ina yaro nake zargin tsoron mai karɓar jangali ya fi tsoron bakin yawa a zuciyarsa.

Ni ne aka kama aka kai lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu, don haka bayan samun mulkin kai na samu ɗan aiki a Madawa, ina rubutu a gindin sikeli lokacin sayen auduga. Aikin rani ne, da damina ina gida ina noma tare da Issuhu. Shi ne ɗan fari, shi ke jan gandu, dogo ne, bahago, ga tabon wuta a wuyan hannunsa tun na yarinta. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba don kunya, sai dai ta ce Magaji. Mutum ne mai raha da kowa, mai sakin hannu, ni kuwa tun can ba a shaide ni da ko ɗaya cikin biyun ba. Muna da jituwa daidai gwargwado. Shi ya koya mini huɗa, shi ya tsaya a kan aurena da uwarku.

A shekarar da nake ba ku labari, gero yana fitar da kai aka aiko mu je Madawa a koya mana aikin littafi kafin auduga ta fito. Wanda ya koyar da mu wani mushe ne, kamar yadda muke kiran malamin boko, mutumin bakin teku, gajere mai tabarau, ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa. Ya ce lissafi ƙafa biyu gare shi, shiga da fita, kuma duk abin da ya fita sai da takardar shaida, in babu ita to bai fita ba, sace shi aka yi. Ya ce fataken ƙetare ne suka tsara wannan hanya, ko da yake mutanen farko tun kafin a san rubutu da 'yan duwatsu da curin yumɓu suke yi. Ina zaune a benci ina murmushi, ina cewa a raina ai wannan ƙwaryar Baba ce da zabirar Yero, tawada kawai aka ƙara. Har na ɗaga hannu na ba shi labarin kunne. Ya ji daɗi ƙwarai, ya sa aka yi mini tafi, ya ce kunne ya ma fi takarda, don takarda ana iya ƙirƙirarta amma saniya ba ta da kunnen hagu biyu. Na fita daga ajin nan kaina ya yi girma.

Bai daɗe da girman ba. Wata la'asar na gangara fadama wanka, sai na ga ana shayar da shanun gari a bakin rijiya, cikinsu har da wata ja da ɗan maraƙinta. Na tsaya ina kallonta. Tsinin ƙahonta na dama a karye yake, ga farin gashi a ƙirji ya gangaro har ƙafa. Woɗe ce, saniyar da ta fi kowace nono a cikin namu, wadda a sanina tana can arewa tare da Yero. Na kewaya ta ɗaya gefen, sai na ga ba kunnen hagu. An yanke shi daga tushe, wurin har ya warke ya yi baƙi. Ba ɓatan saniyar ya fi tayar mini da hankali ba, a'a, na riga na san inda kunnen yake, na kuma san ranar da za a ajiye shi a gaban ubana.

Nan take na yanke wa Yero hukunci a zuciyata, ba zan ɓoye ba. Na bi saniyar har gidan mai ita, wani ɗan kasuwa, ya ce da farkon damina ya saye ta da ciki ta hannun dillali. Na nemi dillalin a kara, inda ake cinikin shanu. Zamanin kuwa kowa tsoron kowa yake, in mutum ya gan ka da alƙalami a aljihu sai ya ɗauka an aiko ka ne ka ji bakinsa. Ya yi ta yi mini kwana-kwana, shi bai san ja ba bai san fara ba, shanu nawa ke ratsa hannunsa. Sai da na rantse masa ba gwamnati ta turo ni ba, na ba shi goro, sannan ya ce ya tuna, don ya tambayi maganar kunnen an ce masa kura ce. Na ce wane irin Bafillace ne ya kawo ta. Ya dube ni ya ce,

"Wane Bahillace? Ba'adare na awa kai. Dogo. Da hagu yak karɓi kuɗɗin, har yac ce in yi haƙuri, haka Allah ya yi shi. Da tabo nan ga wuyan hannu."

Ban san yadda na baro kara ba. A hanya na tuna da farkon damina Issuhu ne ya kai wa Yero gero da kanwa na guzuri, ya ce zai ɗan raka shi, ya yi kwanaki bai dawo ba, da ya dawo ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi a ruga. Har Inna ta dafa masa sabara. Duk da haka na yi ta nema masa mafita. Na ce bahagwai nawa ne a Adar. Na ce ko dillalin ya san gidanmu ne yana so ya haɗa mu. Na ce ko da sanin Baba aka yi, ni ne aka ɓoye wa don ina cuɗanya da ma'aikata. Har uwarku sai da na zarga, don da na koma gida na tambaye ta ko ta ga wani sabon abu a ɗakin Habsu matar Issuhu, ta ce ba ta gani ba, na ga kamar ta yi saurin amsawa.

Kaka ta yi, shanu suka dawo, aka shimfiɗa tabarma. Yero ya zo da sandarsa da malfarsa, suka daɗe suna gaisawa da Baba, yana tambayar gida Baba yana tambayar daji. Ya jero haihuwa, Baba yana jefa tsakuwa. Sannan ya zazzage zabira, kunnuwa uku suka faɗo. Biyu na maruƙa ne. Na ukun babba ne, ja. Yero ya ce Woɗe ce, maciji ya sare ta a wani kwari can gaban Keita, kafin a kai mata wuƙa ta cika. Yana faɗa yana kallon yatsun ƙafarsa. Na saci kallon Issuhu, yana bakin ƙofa yana tufka igiya kamar ba da shi ake ba. Baba ya yi salati, ya ɗauki kunnen ya juya shi, ya sake juyawa, ya kai shi kusa da ido. Ya fitar da farar tsakuwa, amma bai wurgar ba kamar yadda ya saba, sai ya ajiye ta a gefen tabarma tare da kunnen. Ni kaɗai na lura, ko kuma haka na zata.

Na haɗiye maganar a ranar, don ina so in fara jin ta bakin wana. Na same shi a gona muna ɗaurin damma, ba kowa kusa. Na ce Yaya, na ga Woɗe a Madawa tana shan ruwa, har da ɗan maraƙi. Bai ko ɗago ba. Ya taka dammen ya ja igiya, ya ce jajayen shanu sun ƙare ne a duniya. Na ce na ga dillalin. Sai ya miƙe ya dube ni, babu alamar rahar nan tasa. Ya ce,

"Ibro, kunne ya zaka, tsakuwa ta hita, lissahi ya cika. Mi kake biɗa kuma? Abin da anka koya maka ke nan lakwal, ka bi sawun ɗan'uwanka kasuwa?"

Na tambaye shi me ya yi da kuɗin, ko wata matsala ce ta same shi mu taru mu rufa. Ya ce ni ba ubansa ba ne. Ya ɗauki damme ya aza a ka ya bar ni tsaye. Har yau ɗin nan da nake ba ku labari ban san inda kuɗin saniyar nan suka shiga ba. Na yi zargin mace, na yi zargin caca, na yi zargin wani ne ya riƙe shi da wata magana ta siyasa ya biya don a rufe, tunda a shekarun nan an kwashe mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Ko sabuwar riga ban gani a jikinsa ba.

Da na so in yi shiru, da na iya, kuma Allah ya sani na yi niyya. Baba ne bai yi shiru ba. Ashe abin da ya tsaya dubawa shi ne bakin yankan. Kunnen mushe ba ya jini, wannan kuwa jini ya bushe a cikinsa ya yi baƙi, toka ba ta ɓoye shi ba. Ya kira mu ni da Issuhu da safe ya nuna mana, ya ce da ranta aka yanke wa saniyar nan kunne, Yero ya sayar da ita ya kawo masa ƙarya har cikin zaurensa. Ban taɓa ganin ran Baba ya ɓaci haka ba, ba don saniyar ba, don shekarun da ya yi yana bugun ƙirji da mutumin. Ya kai magana wajen maigari, aka ce ranar Juma'a Yero ya zo ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, in ya ƙi a ƙwace shanu. Issuhu yana zaune yana jin duk wannan.

Kafin Juma'a gari ya ɗauka. Duk wanda aka taɓa kawo wa kunne ya fara lalubo tsofaffin mutuwa, wannan ya ce dama bai yarda da ta bara ba, wancan ya ce shi ma bajiminsa bai yi kama da mai mutuwa ba. Matar Yero ta shigo da nono ta kewaye gari ta koma da ƙwaryarta a cike. Na je rugarsu da hantsi, a bayan gonarmu suka sauka. Yero yana zaune a gindin aduwa, 'ya'yansa ƙanana suna leƙe daga bukka. Na ce masa na san wanda ya kai Woɗe Madawa, me zai hana ya faɗa ya tsira. Ya yi zane a ƙasa da sanda, sannan ya ce,

"Ɗan gida in yac ce a ba shi saniyar ubanai, ni wa na da zan hana? Ba ni rantsuwa, ba ni kuma kama sunan kowa. Ku ɗauki shanunku."

Na ce to iyalinka fa, me za su ci. Ya ce Allah yana nan. Haushi ya kama ni, har da shi kansa, domin kunyarsa ta jefa kayan duka a kaina. In na yi shiru, mutumin da ya goya ni a kafaɗa ina yaro ya nuna mini yadda ake tatsa zai bar ƙasar da sunan ɓarawo, babu mai sake ba shi ko akuya daga nan har Tawa. In na yi magana, na san Issuhu, ba zai iya zama gida ɗaya da uban da ya san ya yi masa haka ba. Na koma wurin Issuhu har sau biyu ina roƙo ya faɗa da bakinsa, na ce zan ba da albashina na auduga a mayar da saniyar, a ce ɓata ta yi aka gano. Ya yi dariya ya ce a manna mata kunnen da me.

Ranar Alhamis bayan an karya kumallo na shiga zaure. Baba yana nan, Issuhu ma yana nan, don ban yarda in yi maganarsa a bayan idonsa ba. Na faɗi abin da na gani a bakin rijiya, na faɗi abin da dillali ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. Baba bai dubi Issuhu ba, ko sau ɗaya. Ni ya duba. Na zata zai tambaye ni ko na tabbata, ko ya ce a kira dillalin. Abin da ya ce shi ne,

"Wa ya aike ka?"

Na ce ba kowa. Ya ce to tashi ka ba ni wuri. Na tashi. Daga baya na yi ta juya tambayar nan a raina, har na soma zargin ko Baba ya riga ya gane tun ranar da ya ga jinin, ya zaɓi ya rasa Yero a kan ya rasa ɗansa, ni na zo na ɓata masa shiri. Ban taɓa samun ƙarfin tambayarsa ba. Abin da na sani shi ne, a ranar ya ɗauki sandarsa ya tafi wajen maigari ya ce a fasa rantsuwa, idonsa ne ya tsufa, ya sake duba kunnen ya ga na mushe ne. Ya sa aka faɗa a masallaci. Ya dawo ya ɗauki farar tsakuwar nan ya wurga ta bayan danga da hannunsa.

Na ɗauka an tsira da abu ɗaya ko da an rasa ɗaya. Ina! Bayan 'yan kwanaki sai ga Yero da yaransa sun koro shanunmu har ƙofar gida. Baba ya fito ya ce ai magana ta wuce. Yero ya ce ta wuce a wurin Baba, amma shi hannunsa ne ya riƙe wuƙar, bakinsa ne ya ambaci maciji, ba zai iya sake zama a tabarmar nan ya zazzage zabira Baba yana juya kunne yana duba jini ba. Ya mayar wa kowane gida nasa, ya naɗe bukkarsa ya yi gabas da 'yan shanunsa na kansa, waɗanda ba su taka kara sun karya ba. Sunansa dai ya fita fes, ko'ina aka ce an yi masa ƙazafi ne ya yi zuciya. Wannan kaɗai na samu.

Issuhu bai sake haɗa ido da ni ba. Da samari suka tashi tafiya Kurmi, can ƙasashen kudu, cin rani, shi da bai taɓa zuwa ba don shi ke riƙe da gandu, sai ya ɗaura kayansa ya bi su. Ya sallami kowa har uwarku, ni ya wuce ni a ƙofar gida ina gyaran sirdin jaki. Habsu ta shiga gari tana kuka tana cewa ɗan lakwal ya haɗa mijinta da ubansa, daga nan maganar da kuka ji ta samo asali. Ban ga laifinta ba, abin da aka gaya mata ke nan. Ta Inna ce ta fi ƙona mini rai. Ta same ni ina cin tuwo ta tsaya a kaina ta ce,

"Kai dai ka ji daɗi, gaskiyarka ta hito. Ga shanu nan ƙohwar gida, tashi ka kira su Yaya."

Shanun kuwa ba su yi albarka a hannunmu ba. Muka haɗa su da garken gari, yau wannan ta rame gobe waccan ta shiga gonar mutane a ci mu tara. Ƙwaryar tsakuwa ta zama ba ta da amfani tunda ba zabirar da za ta amsa mata. Wata rana Baba ya tura mini ita da ƙafa ya ce in juye abin da ke ciki a takarda, tunda ni ne mai gaskiyar gidan. Na sayo littafi na ja layi biyu kamar yadda mushe ya koya mana, na rubuta jimlar shanunmu ƙuru-ƙuru, abin da ba a taɓa yi ba tun kakanni. Littafin lissafi na farko ke nan da ya shiga gidanmu, kuma ban ji daɗin buɗe shi ba.

Samarin da suka tafi tare da Issuhu suka dawo da bazara, ban da shi. Suka ce ya rabu da su ya yi gaba. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, ba wasiƙa ba saƙo. Sai a rani na uku wani baƙo ya sauka a ƙofar gidanmu, ya ce shi mutumin wajen Galma ne, daga Kurmi yake. Aka ba shi ruwa, ya kwance ƙunshi ya ajiye a gaban Baba, hular Issuhu ce da layar da Inna ta ɗinka masa da hannunta. Ya ce ciwon ciki ne, kwana kaɗan, an yi masa sutura yadda ya kamata. Inna ta faɗi. Baba ya ɗauki hular ya riƙe, bai juya ta ba, bai duba komai ba.

Ni na raka baƙon bakin gari. Na tambaye shi sunan garin da aka binne shi, ya faɗa. Na ce wa ya yi masa wanka, ya ce mutanen zango. Na ce kai ka ga gawar da idonka? Ya ce shi dai an ba shi kaya an kwatanta masa gida. Na ce wa ya ba ka? Ya ce wani ɗan Adar, bai riƙe sunan ba. Na ce dogo ne ko gajere, da wane hannu ya miƙo maka? Sai ya ɓata rai, ya ce shi alheri ya zo yi ba shari'a ba, ya kaɗa jakinsa. Daga baya na aika Galma a nemo mini shi, aka ce ba a san mai wannan suna ba. Wataƙila ni na ji sunan ba daidai ba. Na rubuta wa sarkin zangon garin da ya ambata, amsa ba ta zo ba, ko da yake wasiƙu da yawa ba sa isa a lokacin.

Aka yi zaman makoki, Habsu ta yi takaba ta fita ta yi aure, Baba da Inna suka rasu suna masu yarda ɗansu ya riga su. Mai yiwuwa su ne da gaskiya. Amma ni na zauna a tabarmar gaisuwar nan ina kallon hula da laya, mutane suna shigowa suna cewa Allah ya jiƙan Issuhu, na buɗe baki in amsa abin ya ƙi fita. Mutumin da ya san yadda ake aiko da kunne saniya tana can tana shan ruwa, shi ne aka ce in yarda ya mutu don an kawo hularsa. In da ransa yanzu ya tsufa tukuf, in kuma yana da 'ya'ya a can ba su san da mu ba. Shi ya sa gonarsa ta gindin dutse ban sa ta cikin abin da za ku raba ba, ku noma ku ci amma kada wanda ya sayar. Kuma in kun ji ina addu'a bayan salla ina jero waɗanda suka rasu, Baba da Inna da uwarku, ban sa shi ba, ba ƙiyayya ba ce kamar yadda aka gaya muku. Shi a cikin matafiya nake sa shi, ina roƙon Allah ya kai shi gida lafiya.